Ƙafar Ɗana na Fari

Ɗana na fari ne, shi ya sa ban taɓa kiran sunansa ba. Haka na tarar a gidan aurena a unguwar Briqueterie ta Yaoundé: ɗan fari ba na uwa ba ne. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ya tashi yana ce mini Adda kamar yayarsa. In ya faɗi a gabana sai in kau da kai, wata ta ɗaga shi. In ana yabonsa in tashi in bar wurin. Da ubansa ya rasu, maganarsa ta koma hannun wan uban, Alhajin gidanmu, mahauci mai rumfar nama a bakin titi. Ni sana'ata dakan yaji ga masu soya, wato masu tsire, kuma daga bakin turmin nake kallon abin da ake yi da yaron.

Ɗan dako Alhaji ya mai da shi. Sai ya ɗora masa cinyar bijimin sa a kafaɗa ya ce a kai wa masu gashi a unguwar Nkomkana, kuma kada rana ta taɓa naman. Yaron ya saba gudu da kaya a lunguna, yana kauce wa babura da kwata da masu tura kura. A haka wani koci ya gan shi ya ja shi rugbi, wasan da nake ji a rediyo ana ce masa zari-ruga. Aka sa shi ɗan gefe, wato wanda ke jira a bakin layi, in an jefo masa ƙwallo ya rungume ya sheƙa, ƙattai na binsa su kayar da shi. Alhaji ya ce wasan mahaukata ne. Ya taɓa watsa masa takalman wasa a kwata a gaban mutane. Da aka watse na tsamo su na wanke.

Yaron ya yi suna a kulob ɗinsu na Yaoundé, har wani kulob na Faransa ya ɗauke shi aiki. Ranar nan wasan mahaukata ya zama sana'a a bakin Alhaji. Duk wanda ya zo sayen nama sai ya ji labarin “ɗanmu na Faransa”, da yadda Alhaji ya koya masa gudu da gangan. Ina ji ina daka. Lokacin na fara zuwa makarantar manya, ina da jika, kuma abin da na fara karantawa da kaina a waya shi ne lambar da ke bayan rigarsa.

Sai aka kira shi gida. Masu zaɓar 'yan wasan ƙasa sun tara samari a nan Yaoundé, za su gwada su su fitar da waɗanda za su sa rigar Kamaru. A wurin gwajin mutum biyu suka faɗa masa a kan idon sawu. Aka kawo shi a taksi da rana tsaka, ƙafar ta kumbura kamar tulu. Kocin ya ce da safe a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashi, wataƙila sai an yi aiki. Yana juya baya Alhaji ya ce, “A gidan nan mu ke yanka, ba a yanka mu.” Ya aika a kira maɗori daga unguwar Ekoudou.

Na san maɗorin nan, kuma ba zan yi masa sharri ba. Shi ya ɗora wa ƙanena ƙafa a daidai idon sawu shi ma. Ƙanena yana zuwa masallaci, yana zuwa kasuwa, amma ƙafar ta ɗan juya waje, kuma ko taksi zai kuɓuce masa ba ya iya binsa da gudu. Ga mai ɗinkin hula irinsa wannan ba komai ba ne. Yaron nan kuwa da gudu yake ci.

Bayan la'asar na ga an shimfiɗa tabarma a zaure. Maɗori ya fito da karare da tsumma da man shafawa. An kira majiya ƙarfi biyu daga rumfa su danne yaron. Na bar turmi na nufi zauren. Facalata, matar Alhaji, ta riƙe mini zane.

“Ina za ki? Ɗan fari ne fa. Ki rufa wa kanki asiri.”

Na fizge zanen. Sai da na shiga na ga ashe taɓaryar na hannuna, ban kuma ajiye ta ba. Na tsaya tsakanin maɗori da ƙafar.

“Ba za a taɓa shi ba,” na ce. “Asibiti za a kai shi.”

Alhaji bai dube ni ba. Ya ce wa matarsa, “Wannan ta yi ɓatan kai ne? Nuna mata hanyar madafa.”

“Da ni za ka yi magana, Alhaji, ga ni tsaye.”

“Ke ko kunya ba ki ji? Ɗan naki na fari? Bokon tsufa ne ya kwance miki kai?”

“Kunyar na yi ta har ta ishe ni. Ina kunya ka ɗora masa cinyar sa a wuya. Ina kunya ka watsa masa takalmi a kwata. Yau ba zan yi kunya ka karkace masa ƙafa ba, gobe ka ce ƙaddara.”

“Ɗan ƙanena ne. Jinina.”

“Jininka ne tun da ya fara hawa jirgi.”

Majiya ƙarfin nan suka sunkuyar da kai, ɗaya yana danne dariya. Alhaji ya juya kan yaron ya ce, “Kai, gaya mata da bakinka. Wa ke da iko da kai a gidan nan?”

Wannan ƙaton, wanda mutum uku ba sa tare shi a fili, ya kasa ɗaga ido. Ya ce, “Adda, ki yi haƙuri, ki bar Baba ya yi yadda ya ga dama.” A ranar na ji kamar in buga masa taɓaryar shi ma. Na ce masa ya yi mini shiru, ba da shi nake ba.

Maɗorin ne ya raba mu. Ya fara naɗe tsummansa a hankali, ya ce, “Alhaji, ni ba na ɗora ƙafar da bakin uwa ke kanta. Ko na ɗora ba ta kamawa.” Alhaji ya roƙe shi, ya yi masa faɗa, dattijon ya sa takalminsa ya fita. Ni na fita titi na tare taksi, ban jira safiya ba. Masu danne shi su suka ɗauko shi suka sa a mota.

Hoton ya nuna ƙashin ya tsage, jijiya ta yage. Aka yi aiki aka sa ƙarfe. Gwajin ya wuce shi, wani yaro ya samu gurbin. Alhaji ya bi rumfa rumfa yana cewa da an bar maɗori da tuni ya miƙe, uwarsa ce ta hana shi rigar ƙasa. Matan gidan suka daina amsa gaisuwata. A wurin suna in na zauna sai a matsa, ana raɗa, ga wadda ta yi rashin kunya a kan ɗan fari. Masu soya da ke ɗaukar nama a wurin Alhaji suka daina karɓar yajina. Na kwashe turmina da ƙananan yarana na kama ɗaki a Nkomkana. Babu wanda ya kore ni, babu kuma wanda ya ce in zauna.

Yaron ya koma Faransa da sanda. Ya ajiye sandar, ya koma fili, ya riƙa tsere wa mutane kamar da. Da aka sake tara 'yan wasan ƙasa aka kira shi, wannan karon kuma aka zaɓe shi.

Ya zo ya same ni ina tankaɗe. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaya mini. Sannan ya ce, “Adda, Baba ya ce in kin je kin ba shi haƙuri komai ya wuce. Yana so a yi walima a gida.”

Na ce ya cire takalmi. Ya cire. Na duba ƙafar, na sa ya taka zuwa bakin famfo ya dawo. Tana kallon gaba sak, sai tabon ɗinki.

“Ka je ka gaishe shi, ubanka ne,” na ce. “Ka ci naman walimarsa. Ni ban ga abin da zan ba da haƙuri a kai ba.”

Ya tsaya yana jiran ko zan ƙara wani abu. Na ce ya matsa, yaji zai shiga masa ido.