Mai Gidan Rafi da Jan Kiyashi

Jan kiyashin nan baƙo ne a ƙasarmu. Ya shigo bayan an yi wa majami'armu rufin kwano, kafin daminar da citta ta ruɓe a gona. Ɗana ne ya kawo shi daga Jere, cikin ƙasar da ke jikin dashen lemo. Kwarkwasa mun san ta: ta zo, ta share ɗaki, ta wuce abinta. Wannan ba ya wucewa. Ya shiga rumbun acca, ya cinye idon 'yan tsaki da ransu, ya hau jikata tana barci har jikinta ya yi rudu-rudu.

Ni ban shiga aji ba, amma ƙwari na san su. Muna yara, in mun gangara rafi da tulu, kakata takan riƙe mini hannu.

"Tsaya tukuna. Mai gida yana nan?"

Mai gidan wani baƙin ƙwaro ne kamar ƙwayar wake, mai juyi a kan ruwa. In yana juyi, mu ɗiba. In babu shi, ko ruwan ya yi garau, haka za mu koma da tulu wayam. Shi ba ya cizo, ba ya hawowa gidan kowa. Inda aka haife shi, nan yake zama.

Da kiyashi ya ishe mu, ɗana ya sayo magani ya fesa. Can na gan shi ya nufi gangare da tankin feshi a baya.

"Kai, ina za ka wanke abin nan?"

"Mama, ruwa ne mai tafiya. Zai kwashe."

Washegari na sauka da sandata. Ga mai gida da danginsa kwance a yashi, ciki sama. Ga jan kiyashi ya yi layi yana jan su zuwa rami.

Ba mu da wani ruwan. Kullum matar ɗana tana ɗebowa a can, jikata tana sha, ni ina kallon maƙogwaronta. Na taɓa tambayar matar ko mai gida yana nan. Ta ce ya tafi gona.

Cikin waɗanda kakata ta riƙe wa hannu, mu biyu muka rage: ni da yayata, wadda idonta ya tafi. In na je gaishe ta, takan ce, "Mai gidan rafi ya dawo?" Sai in miƙa mata ruwan da na tafasa.