Awannin da Tifa Ba Ta Yi Ba

Kwanakin baya wani maƙwabcina a Gidan Igwai ya nuna mini wayarsa, yana murna wai yanzu daga ɗakinsa yana ganin awa nawa injin kowace motarsa ya yi yana aiki. Wani ɗan akwati aka liƙa wa motocin, tiraka suke ce masa. Na tambaye shi ta ina abin yake gane inji ya tashi, ya ce bai sani ba. Na ce to ya bincika, don iri-iri ne. Wani ƙarfin batir yake lura da shi, in ya ɗaga ya san inji na caji. Wani girgiza yake ji. Wani kuwa, aikin malalata, a makulli kawai ake ɗaura shi, da ka murɗa zai fara ƙirga ko inji bai tashi ba. Ya yi dariya ya ce ashe tsoho ya san zamani. Ni kuwa na gaji da wannan ilimin tun ba a haife shi ba.

Lokacin da kuɗin mai ya shigo, soja na mulki, ko'ina ka duba a Sakkwato haƙa ake yi. Ni ne mai gyaran wayar mota a garejin wani ɗan kwangila a hanyar Kalambaina, mai tifa goma sha biyu masu ɗibar tsakuwa. Agogunan tafiyarsu duk sun mutu, mai kuwa ba mai aunawa don arha. Maigidan ya sa wa ransa direbobi na zamewa gulbi su ɗebo wa masu gini yashi da motarsa, sai ya sayo agogon awa, kowace tifa ɗaya.

Takardar da ta zo da su ta ce a haɗa su da abin da ke jin bugun man inji, don kada su ƙirga sai inji na juyawa. Na yi ta farko yadda aka ce, ta ci mini rabin yini ina kwance ƙarƙashin ƙarfe mai zafi, baƙin mai na ɗigo mini a ido. Sauran sha ɗayan na ja waya na ɗaura a makulli, kafin la'asar na gama. Na gaya wa manaja an yi komai bisa takarda. A raina na ce wa zai murɗa makulli ya zauna yana kallon sitiyari?

Ashe akwai. Babban direbanmu dattijo ne daga Ƙofar Rini, kowa Baba yake ce masa. Shi kaɗai ke da rediyo a mota, tasa ce ta kansa, kuma ni na haɗa masa ita a bara waccan, ita ma a makulli. Da azumi ya kama, layin lodi ya zama azaba, don katafila ɗaya ce ke loda mu, ita ma kullum cikin lalacewa. Sai a yi awa uku ana jira. Baba yakan kashe inji don tausayin motar, ya murɗa makulli, ya wangale ƙofa, direbobi su kwanta a inuwar tifarsa ana jin tafsiri. Ni ma na sha kwanciya a nan, kuma wallahi ko sau ɗaya abin bai faɗo mini a rai ba.

Bayan salla manaja ya bi agogunan ɗaya bayan ɗaya. Sawun da Baba ya kai daidai yake da na kowa, amma awanninsa sun kusa ninka nasu. Aka kira shi a gaban jama'a, aka ce ya faɗi gidan da yake kai yashi. Ya rantse, ya ce motar ba ta taɓa sauka daga hanya ba. Manaja ya ce ƙarfe ba ya ƙarya. A daidai nan na gane awannin tafsiri ne agogon ya ƙirga.

Baba ya juyo gare ni.

"Ɗana, kai kas sa abin ga, kai kas san shi. Shina iya kuskure?"

Matata na da tsohon ciki a lokacin, kuma in na buɗe baki tifa sha ɗaya za a buɗe. Na ce ni dai yadda takarda ta ce haka na yi. Ban yi tsammanin za a kore shi ba, na ɗauka faɗa za a yi masa a wuce. Haka nake gaya wa kaina har yau, kuma na gaji da jin sa.

Aka ce ya ajiye makulli. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tuƙi, ya fita da sunan ɓarawon yashi. Abu ɗaya ya roƙa, a cire masa rediyonsa, kuma ni aka tura.

Na shiga tifar na kwance murfin da ke rufe wayoyin makulli. Ga wayoyin nan biyu, ta rediyo da ta agogo, a murɗe wuri guda, ɗaurin hannuna. Baba na tsaye a bakin ƙofa yana riƙe mini sukuduraba, idonsa a kansu, amma bai san karatun waya ba. Na warware tasa na bar ɗayar, na naɗe na miƙa masa rediyon.

Ya karɓa da hannu biyu, ya goge ta da bakin rigarsa.

"Allah shi yi ma albarka," in ji shi. "Kai dai ba ka taɓa cuta ta ba."

Na ce amin.