Kwantaccen Cikin Uwa Mai Lalle

Duk Mayahi, in dai zancen gyaran jiki aka ɗauko, sai sunan Uwa mai lalle ya fito. Ba wai ta fi kowa kyau ba ne. Baƙa ce, matsakaiciya, hancin ma ba wani abin a zo a gani ba. Abin da take da shi ɗaya ne: ta daɗe da ba arba'in baya, amma in muka jera zuwa biki sai baƙo ya ɗauka ƙanwata ce, alhali ta girme ni nesa ba kusa ba. Ni Biba maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu. Na haifi bakwai, kuma kowane ɗaya ya bar shaidarsa a jikina. Da ina jin haushin wannan jerawa tamu, yanzu na daina.

Sunanta na yanka Zubaida. A wani ƙauye kusa da Baudeta aka haife ta, aka mayar mata da sunan kakarta ta wajen uba. Tunda uban ba zai iya buɗe baki ya kira sunan mahaifiyarsa ba, sai ya riƙa ce mata Uwa tun tana cikin zanen goyo, sunan kuwa ya bi ta. Tana rarrafe Uwa, tana tallan fura Uwa, aka kai ta ɗakin miji Uwa, ga shi ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Mijin fari ya yi haƙurin da zai iya, ya sallame ta. Na biyun, Sirajo magini, matarsa ce ta rasu ta bar masa 'ya'ya, duk sun yi aure sun watse. Shi buƙatarsa tuwo da zafi da sakin fuska, bai taɓa tayar mata da zancen haihuwa ba. Ita ce ba ta ajiye zancen ba, ko da yake ba da baki take yin sa ba.

Sana'arta lalle da gyaran amare, amma rabin matan da ke cika mata tsakar gida ba amare ba ne. Irinmu ne, waɗanda madubi ya fara yi wa rashin kunya. Su zo su baje a tabarma, su yi ta kewaye-kewaye, ƙarshe dai a rage murya a ce ta taimaka da asirin. Ita kuwa ba ta da asiri, abin da ke ba su haushi ke nan. Sai ta ce a sha ruwa da safe kafin a sa komai a ciki. A yi wanka da sabulun salo, a shafa man kaɗe tun jiki bai gama bushewa ba. A goge kaushi da dutse bayan an jiƙa ƙafa, kada a bari sai ya tsage a ce za a yi yaƙi da shi. Kitso kada a ja shi da ƙarfi, don goshin da ya tafi ba ya dawowa. Furfura kada a tsige, a kwaɓa lalle da ruwan shayi mai kauri a rufe ta. In za a hura wuta a juya wa hayaƙi baya. Zogale kuwa ko babu biki a ci shi. Man canza fata ne kawai ke sa ta ɗaga murya. Wata ta taɓa zuwa da fuska ja, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, Uwa ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke kuma wa ya gasa ki ya bar ki ba ki nuna ba?"

Matan su saurara, su ce to, su tafi su yi kwana biyu suna yi su watsar. Ita ba ta taɓa fashi ba. Ko zazzaɓi take yi sai ta zauna ta sa kwalli ta yi aswaki. Na daɗe ina ɗauka son gayu ne kawai, har na taɓa ce mata wanda za a yi wa kwalliyar ma kullum cikin siminti yake, ba gani yake ba.

Ranar da na gane dalili, daga wani suna muka dawo. A nan garin, in an miƙa wa matar aure jariri ta ɗauka, in ba ta da nata, sai mata su ce, "Saura naki." Magana ce ta fatar baki, ni kaina na faɗa wa mata da yawa ina tunanin miyar da na bari a wuta. Ranar an ce wa Uwa haka, sai na ga tun daga gidan sunan har ƙofar gida tafiyarta ma ta sake. Muna cire mayafi ta ce, "Biba, kin ji sun hwaɗi?"

Na ce, "Mi sunka hwaɗi?"

"Saura naki. Tsohuwa ba a ce mata hakanan. Ran da mata sunka dube ni sunka yi shiru, to sun gama da ni."

Ashe man kaɗen da lallen da dutsen kaushin duk wannan kalma suke tsaro. Muddin tana kama da wadda za ta iya haihuwa, za a ci gaba da yi mata addu'ar, ita kuma muddin ana yi, ba ta cire rai ba. Na ji tausayinta, na kuma ji kunyar abin da na ce game da siminti.

Ana nan sai ta yi ɓatan wata. Wata ya bi wata, shiru. Ta tafi wurin Iya Kubra, tsohuwar ungozomar unguwarmu, wadda ita ta yanke cibiyar biyar daga cikin nawa. Iya ta lallatsa mata mara, ta duba idonta, ta ce shigar ciki ce. Sai dai lokacin da ya kamata ciki ya fito bai fito ba. Aka koma, Iya ta ce ai kwanciya ya yi, ko dai ta razana ko kuma baki ne ya yi masa yawa, zai tashi in lokacinsa ya yi. Kwantaccen ciki ba baƙon zance ba ne a wurinmu, kowa na da labarin wata da aka ce nata ya shekara uku kafin ya motsa. Ni ban ce ƙarya ba ne, ban kuma ce na gani da idona ba.

Gari ya ɗauka. Aka daina ce mata saura naki, aka koma "Allah ya tashe shi lafiya," wanda ya fi daɗin ji. Mata suka hana ta ɗaukar tulu. Sirajo ya riƙa shigo da hanta da kankana ranar kasuwa, bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Uwa ta sha rubutu, ta sha saiwoyi, gyaran jiki kuwa sai abin da ya ƙaru, don a cewarta ba za ta bari yaro ya buɗe ido ya ga kaka a madadin uwa ba. Wani lokaci tana tsaka da zana wa amarya lalle sai zufa ta karyo mata, ta jiƙe sharkaf ko da sanyi ake. Ta ɗauki mafici tana murmushi ta ce zafin ɗan da ke cikinta ne. Na ga irin wannan zufar a jikin yayata, na san abin da ta zama. Na buɗe baki zan yi magana ya fi a ƙirga, sai in tuna ba a tambaye ni ba.

Damina biyu ta wuce a haka. Wata safiya bayan an gama girbin hatsi ta leƙo ta katanga, idonta na ƙyalli, ta ce ya motsa. Ta ji shi a gefen hagu, ba sau ɗaya ba. Tana so ta je awo, a yi mata hoton ciki ta gan shi, amma ba a Mayahi ba, don kada bakin mutane ya sake kwantar da shi. Tasawa za mu.

Ban taɓa ganin ta yi kyau kamar ranar ba. Sabon kitso, lalle baƙi da ja har idon sawu, shadda ruwan ƙasa, turaren wuta ya kama mayafin. A gidan likitan da muka je, wata madam ce mai hoton, yarinya ƙarama mai fara'a. Ta tambayi shekaru, Uwa ta ce talatin da 'yan kai, madam ta dubi fuskarta ta karɓa ba musu. Ta sa ta kwanta, ta shafa mata wani mai a ciki, ta yi ta yawo da na'urar, ta koma ta sake. Sai na ga fara'ar ta ragu.

"Tanti, ban ga ciki ba. Mahaihwar ba komi cikinta."

"Kwance shike," in ji Uwa. "Ki duba da kyau, ɗiyata, ya jima kwance."

"Ko kwance shike sai na gane shi. Motsin da kinka ji, iska ce ta hanji. Abin da ya dame ni, mace mai talatin jini bai kamata ya ɗauke mata haka ba, sai mun biɗi dalili." Ta dubi wuyan Uwa da hannuwanta, sannan ta ce, "Tanti, don Allah, shekarunki nawa na gaskiya?"

Uwa ta dube ni. Na sunkuyar da kai, don wannan ba amsata ba ce. Da bakinta ta faɗa, a hankali, arba'in da bakwai ko da takwas.

Madam ta sauke ajiyar zuciya, har da 'yar dariya. Ta ce to alhamdu lillahi, ba ciwo ba ne, girma ne ya zo, kowace mace da lokacinta, zufar ma shi ne. Ta yi bayani mai kyau, ba ta yi wulaƙanci ba. Tana goge mata man da ke cikin ta ce, "Amma wallahi Tanti kin ruɗe ni. Mi kike shafawa haka?"

Na so ƙasa ta tsage. Uwa kuwa ta tashi zaune, ta gyara ɗaurin zane, ta ce mata man kaɗe, tun jiki bai bushe ba, kuma ta rage jan kitso don gaban goshinta ya fara tafiya. Madam ta taɓa goshi ta yi godiya.

Daga nan muka kama hanyar tasha. Ban san abin da ake ce wa mutum a irin wannan wuri ba, ba mutuwa aka yi ba balle a yi ta'aziyya. Muka tarar da motar Mas'udu, direba ɗan unguwarmu, saura mutum kaɗan ta cika. Gefe guda wata yarinya ce tsaye da tsohon ciki, ta dafe ƙugu, tana leƙen bayan motar inda aka cusa mutane da buhunan wake. Mas'udu na hango mu ya washe baki, ya zagayo da gudu ya buɗe ƙofar gaba, inda wuri ɗaya ya rage.

"Uwa, bismilla nan. Hanyar ga ba ta da kyau, ke kuma ba ke ɗaya ba ce."

Uwa ta tsaya riƙe da bakin mayafinta. Mutanen cikin motar rabinsu 'yan Mayahi ne, duk suna kallo, kuma babu wanda ya san inda muka fito. Da ta shiga ta zauna, da ba mai cewa komai, ni kuwa ta san ba zan faɗa ba.

Ta juya ta yafito yarinyar da hannunta mai lalle.

"Ba ta wurin, Mas'udu," ta ce. "Ni ɗaya ce."