Abin da Ɓerayen Mayahi Suka Koya Mini

Tasawa, Laraba

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito, shekara biyu bayan samun ƴancin kai, rungume da ƙwarya. A ciki akwai aboka tara, wani koren ɗan itace na ƙasashen kudu, kyautar Mushe Kojo, malamin lakwal, wato makarantar boko, ɗan Dahome. Mahaifina nake kai wa. Likita ya ce kitse ya yi yawa a jininsa, ya hana shi man shanu, tsoho kuwa ya yi fushi da tuwo ɗungum, har an aiko mini cewa ya rame. Mushe ya ce wannan man shanu ne na bishiya, ba ya cika jini da kitse. Yadda ake cinsa fa? Ni da nake akawun awon gyaɗa, girman kai ya hana ni tambaya.

Motar gyaɗa mai tafiya Mayahi ta ɗauke ni a dala talatin. A shingen bakin gari wani jandarma ya latsa guda, yatsansa ya nutse.

"Mi ne na wanga? Ai ya ruɓe!"

Na jefar, har da yi masa godiya. Kilomita hamsin da ɗoriya muka yini muna yi, don sau uku rairayi yana riƙe mu. Duk tsayawa sai na latsa kayana, mai laushi in yi jifa da shi. Huɗu suka tafi haka, har da na jandarman.

Mayahi, Alhamis

Na kwana wurin Gwaggo Dije, ƙanwar Baba, ta cika ni da fura. Biyu da suka ƙara laushi na ware su gefe a ɗakin hatsi, da nufin zubarwa. Da safe na tarar ɓeraye sun kwashe su tas, sai ƙwallo da ɓawo. Masu taurin uku ko haƙori ba su sa musu ba.

"Ɗan nan," in ji Gwaggo, "shekara talatin ina hwama da ɓerayen ɗakin ga, ban taɓa ganin sun zaɓi ruɓaɓɓe ba."

Na ruga wurin majo, babban ma'aikacin asibitin garin. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Laushin shi ne nuna, Malam! Ka bi ɓera. Turawa ma da shi suka fara gwada magani."

Kunya ta rufe ni. Gwaggo ta tura ukun cikin jakar dusa don su yi saurin nuna.

Gidan Amumune, Juma'a

Na hau raƙumin wani Buzu tun hantsi, dala goma, muka isa bayan la'asar. Ganin wuyan Baba yana yawo cikin riga ya sa hawaye suka zo mini. Na laluba cikin dusa. Guda ɗaya ya yi laushi.

Innata Hajo ta murje shi da gishiri a kan tuwon hatsi. Baba ya daɗe yana harararsa, ya kai loma ɗaya, ya ƙara, sai ga akushi fes.

"Nawa anka ba ka?"

"Tara, Baba. Huɗu na zubar a hanya, ɓera ya ci biyu."

"To, shi dai ɓeran ya san abin da yake yi. Ƙaro min tuwo, Hajo."

Na gode wa Allah da ya kawo ni gida lafiya, na gode wa Mushe Kojo da Gwaggo Dije. Ɓerayenta kuwa, na aika kada a ɗana musu tarko bana.