Wuyan Hannuna a Filin Tanis na Tawa

Shekarun da nake koyarwa a Tawa, akwai wani filin tanis na siminti kusa da makarantarmu. Ragarsa duk ɗinki ce saboda ɓarnar awaki, layukan kuwa mu muke sake ja musu fenti bayan kowace damina. Da an sallame la'asar sai mu hallara, malamai da ƴan ma'aikata.

Abokin wasana wani malamin asibiti ne daga gabas, ya girme ni sosai, kowa majo yake ce masa. Ba ya gudu a fili. Tsayawa yake yana aiko mini da ƙwallo kusurwa-kusurwa har numfashina ya ƙare, yana dariya.

Wata shekara aka kawo mini raket daga Yamai, mai nauyi, mariƙinta ya fi ƙarfin tafina. Na ji daɗinta ƙwarai. Ba a daɗe ba sai wuyan hannuna na dama ya fara zogi ta gefen ƙaramin yatsa. Da fari sai bayan wasa nake jinsa, daga baya har alli ya gagare ni riƙewa. In mutum ya matse mini hannu wajen gaisuwa, sai na cije leɓe.

Wata rana na mayar da ƙwallo sai raket ta suɓuce ta faɗi. Majo ya tsallako raga, ya kama hannun, ya juya shi a hankali.

"Nan ne?"

"Nan ne, yaya."

"Gobe ka zo a ɗauki hoto. Daga yau kai alƙali ne, ba ɗan wasa ba."

Hoto ya nuna babu karaya, jijiya ce ta kumbura. Ya ɗaure mini hannun, ya ce in riƙa ɗora ƙanƙara cikin tsumma, in huta. Haka na koma zama kan benci ina ƙirga wa mutane maki. Tuwo ma da cokali nake ci, ƴaƴana suna ƙunshe dariya.

Da zogin ya lafa, majo ya biyo ni gida. Ya tarar da buhun hatsin da surukata ta aiko daga Kalfu, ya ce wa matata ta cika bokiti.

"Ka nutsa hannu ciki, ka dunƙule, ka buɗe, ka juya. Kullum da safe. In ya yi zafi ka bari."

Matata ta dube shi, ta dube ni. "Majo, hatsin da za mu ci ne fa."

"Sai ya wanke hannu, madam."

Na yi ta yi har na saba. Ina zaune a tsakar gida, hannu cikin hatsi mai sanyi, kaji suna kewaya ni, ita kuma tana tankaɗe tana tsokanata.

Ranar da na koma fili, majo ya ba ni tasa raket mara nauyi. Ya sa muka fara da murza wuyan hannu da miƙe yatsu kafin mu taɓa ƙwallo. "Sassauta riƙo," in ji shi. "Bugu daga kafaɗa da ƙugu yake fitowa. Wuyan hannu rakiya kawai yake yi." Ya cinye ni a ranar kamar kullum, amma na koma gida babu ciwo, ina ta surutu kamar wanda ya ci gasa.

Mun ƙara damina biyu muna wasa, sannan aka mayar da shi garinsu. Mun raka shi tasha mu duka, har da waɗanda ba su taɓa cinye shi ba. Ya leƙo ta tagar mota ya ce mu kula da ragar, kada awaki su ƙarasa ta.