Maɓallin Da Ke Ƙarƙashin Jerin Ƙauyuka

Shekara huɗu na yi ina shan jan biro a hannun tsohon sakatarenmu, a ofishin wata ƙungiyar manoman albasa a Madawa. Duk takardar da na rubuta sai ya zana mata layi, ya ɗaga ta sama gaban manoman da sunka zo rajista, ya ce, “Ku dubi aikin ƴan lakkol, ƴan bokon yanzu.” Su yi dariya, ni kuma in haɗiye. Baba nake kiran shi, ina durƙusa mishi da safe, amma Allah Ya sani ba na ƙaunar mutumin nan ko kaɗan.

Shekara talatin ya yi kan keken rubutu. Yatsunshi ba su kuskure, wannan kam ba zan hana mishi ba. Ya san kowane ƙauye daga Azarori har Tama, ya san wane ɗan wane ne, ya san gonar da ruwa ke ci.

Sai anka kawo ordinatar, wato kwamfuta, guda biyu da wani shiri na rajistar manoma a cikinsu. Direktanmu bai ɓoye mana ba, ya ce tsakanin ni da tsohon, sakatare ɗaya za a riƙe bayan wata biyu. Zai ba kowa takardu ashirin, wanda ya shigar da nashi daidai shi ke da kujera. Ni ina da ƴaƴa biyu, mijina ya tahi ci-rani bai dawo ba. Tsohon kuma gida cike, kuma babu gona.

Shirin ba wuya. Taga ce ke buɗewa da gurabe: suna, girman gona, sannan wani akwati mai jerin ƙauyuka. Can ƙasa da shi akwai ɗan maɓallin ajiyewa. In ba ka danna shi ba, duk abin da ka rubuta ya tahi a banza.

Ana saura kwana uku gwaji, bayan azahar, tsohon ya jira kowa ya fita, ya jawo kujera kusa da ni. Ban taɓa jin muryarshi ƙasa haka ba.

“Ɗiyata, idona ya fara gajiya. Rubutun nan ƙanana ne. An ce ana iya ƙara musu girma. Amma kar direkta ya ji.”

Na ce, “To, Baba.” Na shiga na ƙara mishi girman rubutun har ƙarshe. Ya dubi gilashin ordinatar, ya yi murmushi, ya sa mini albarka, ya tahi salla.

Da ya fita na buɗe tagar rajistar a ordinatar tashi don in ga yadda ta koma. Rubutu ya kumbura, gurabe sun kumbura, amma tagar ita ba ta ƙaru ba. Komai ya hau kan juna kamar buhunan albasa a bayan mota. Akwatin ƙauyukan ya sauko ya rufe maɓallin ajiyewa ruf. Maɓallin na nan, bai tahi ko'ina ba, ƙarƙashi kawai yake. Na gwada: in ka bar linzamin, ka koma allon rubutu ka danna maɓallin nan mai kibiya biyu na hagu sau ɗaya bayan ka zaɓi ƙauye, sannan ka buga babban maɓallin da ake ce ma Antire, sai ya ajiye. Ko kuma ka rage girman rubutun kaɗan, shi ke nan.

Na zauna ina kallon abin. Wallahi daɗi na ji, daɗi har cikin ciki. Na rufe tagar, na mayar mishi da ƙyallen da yake lulluɓe ordinatar da shi, na koma wurina.

Kwana biyun da sunka biyo baya ya tahi Buza jana'izar wani ɗan'uwanshi, bai taɓa na'urar ba. Ranar gwaji ya shigo da farar riga.

Munka fara da ƙarfe tara. Na gama takarda ta huɗu ina jin shi yana danna linzami, ƙas, ƙas, ƙas. Ya cika ta farko tun kafin ni, ba kuskure ko ɗaya, amma ya rasa inda zai ajiye ta. Duk inda ya danna, sai jerin ƙauyuka ya zazzago. Ya rufe tagar ya sake rubutawa. Sau shida ya rubuta sunan manomi ɗaya. Zufa ta jiƙe mishi bayan riga. Sau ɗaya ya juyo ya dube ni, ni kuma na sa ido a takardata.

Bai iya kiran direkta ba, don in ya zo zai ga rubutun. Amma direktan ya zo da kanshi, ya tsaya bayanshi, ya ce, “Mi ya sa naka rubutun ya yi girma haka?”

Ni ce na amsa, ba wanda ya tambaye ni.

“Ai ba ya gani ne, Mushe Direkta. Shi ya roƙe ni in ƙara mishi, ya ce kar a faɗa maka.”

Akwai manoma uku zaune kan benci. Ba wanda ya yi dariya, kuma na so su yi.

Ƙarshen wata anka sallame shi. Ya dawo ranar kasuwa ɗaukar butarshi da darduma. Ya tsaya bakin teburina ya ce, “Ɗiyata, aiki ya zama naki. Nuna mini inda abin nan ya shiga, in sani kawai.”

Ordinatar tashi ba a taɓa ta ba. Na buɗe tagar, na zaɓi ƙauye, na danna mai kibiya, na buga Antire. Ta ajiye. Bai kai ƙiftawar ido ba.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Tun yaushe kinka san wannan?”

“Tun ranar da ka sa mini albarka.”

Na ɗauka zai zage ni, har na shirya amsa. Sai ya naɗe dardumarshi, ya ce in gaida yara, ya fita. Daga baya na riƙa ganin shi bakin tasha yana rubuta ma mutane wasiƙa da hannu, takardar manne da hanci. In na zo wucewa sai in tsallaka titi.

Yanzu shekara tara ke nan ina kan kujerar. Shirin bai canza ba, har yau tagar ba ta ƙaruwa. Bara idona ya fara yin hazo, kuma an ɗauko wata sabuwar sakatariya, mai ladabi, tana durƙusa mini da safe. Makon jiya ta gan ni na kai fuska kusa da gilashi, ta ce, “Inna, in ƙara miki girman rubutun?”

Na ce ta koma wurinta, ina gani sarai.