Rariyar da Kawu Ya Hana Ni Wankewa

Kawuna ne ya raba ni da taraktar da nake so, ya kuma gaya wa mutanen zangon Salaga, unguwarmu ta Hausawa a Gana, cewa ni na kashe ta. Ƙanen uwata ne, ciki ɗaya. Shi ya sa na daɗe ban buɗe baki ba.

Ƙaramar tarakta ce ja, tsohuwa, da bokitin ɗiban ƙasa a gabanta. Tasa ce, amma ni ke tuƙa ta, ni ke gyara ta. Aji huɗu na yi a makaranta na gudu, amma wannan ƙarfen na san shi. Da safe in na tashe ta na ja sandar ɗaga bokiti, hannuwan nan biyu su ɗaga bokiti a hankali ba gargada, sai in ji kamar kafaɗuna ne suka tashi. Mun kwashe juji a cikin gari, mun ɗebi yashi a hanyar Makango. Matan da ke ƙyafa kifi a bakin ruwa, da sun ji ƙararta sai su ce, "Ga mijin tarakta nan, yau ma da amaryar aka zo."

A shekarun tamanin, lokacin da ko sabulu sai an yi layi, man haidurolik, wanda da ƙarfinsa bokitin ke tashi, ya ɓace a kasuwa. Kawu ya tara baƙin mai daga garejin abokinsa, ya tace da tsohon rawaninsa, ya ɗura mata da hannunsa ranar da na tafi jana'iza ƙauye. Da na dawo ya ce min duk mai ɗaya ne.

Ba a yi sati biyu ba bokiti ya fara tashi da ƙyar, yana karkarwa, famfon da ke tura man yana kuka kamar akuya. Na bi abin daki-daki. Na zaro sandar awo, mai cike yake, amma duk kumfa. Na shafa tiyo ɗaya bayan ɗaya, babu yoyo. Na ɗaga bokitin rabi, na kashe inji, na zauna ina kallo. Bai sauka ko kaɗan ba, ke nan robobin cikin silinda, bututun da ke tura hannuwan, lafiyarsu lau. Saura abu ɗaya. Can ƙasan cikinta akwai rariya wadda mai ke bi kafin ya isa famfo. In ta toshe, iska famfo zai riƙa ja. Na san kuma zaren me ya toshe ta.

Na ce, "Kawu, bari in juye man, in ciro rariyar in wanke da kananzir. Kafin magariba na gama."

Ya ce, "Man da na sha wuya na tara za ka zubar min? Taɓa notin nan ka gani."

Ya aika Yendi aka zo da wani fita, haka ake ce wa makanike a can, mai riga fara fes. Ko ƙarƙashinta bai leƙa ba. Ya saurari kukan, ya ce famfo ya mutu, direba ya cika mata lodi. A ƙofar masallaci ya faɗa, dattawa na zaune. Kawu ya nuna ni ya ce, "Ɗan 'yar'uwata ne, na ba shi amana, ga abin da ya yi."

A wurinmu ba ka ƙaryata kawunka a gaban mutane, balle ka ambaci rawaninsa. Na sunkuyar da kai. Aka sayar da taraktar ga wani mutumin Bawku, aka ɗora ta a bayan babbar mota ina tsaye. Daga ranar, ko injin niƙa ba wanda ya ƙara ba ni in kwance a Salaga. Da gemuna na koma bin motar albasa.

Shekaru sun ja. Wata rana muna lodi a Bawku sai na ji ƙara ta bayan kasuwar shanu. Ban gan ta ba tukuna na gane ta. An yi mata koren fenti, tana kwasar taki. Na tambayi mai ita inda ya samo sabon famfo. Ya yi dariya ya ce, "Wane famfo, ɗan'uwa? Wata rariya ce a ƙasa cike da zare, kamar an cusa mata hula. Kananzir kwalba ɗaya ya gama aikin."

Na roƙe shi ya bar ni in hau. Na ja sandar. Ta ɗaga, santsi, yadda na san ta. Na sauke, na sake ɗagawa, har sau biyar, mutumin yana kallona. Na tambaye shi ko yana neman direba. Ya ce ƙanensa ke tuƙa ta.

Lokacin Kawu ya koma Yendi da zama. A hanyar dawowa na sauka a can. Na same shi a zaure da baƙi bayan la'asar, na gaishe shi, na zauna gefe har suka watse. Ya ce, "Kai, har yanzu motar albasa kake bi?"

Na ce, "Kawu, na ga taraktar a Bawku tana aiki, da famfonta na da. Rariya ce ta toshe, zaren rawaninka ne a ciki. Ban faɗa a ƙofar masallaci ba, yau ma sai da na jira baƙinka suka tashi. Yamma ɗaya na roƙe ka, ka hana ni. Da yanzu ni ke kanta."